Ƙafar Malam Lallaɓa

Shekara talatin da bakwai Malam Lallaɓa ya yi yana tuƙi, bai taɓa buge ko kazar wani ba. Wannan magana kuwa ba sai ka tambaye shi ba, kuna gama gaisawa zai san yadda ya yi ya cusa ta cikin hira. Sunan ma a wajen tuƙin ya samo shi. Tun yana jan motar ma'aikata abokan aikinsa suka ce shi ba tuƙa mota yake ba, lallaɓa ta yake kamar mai jinyar tsohuwa. Da ya yi ritaya sai ya tattara lallaɓar gaba ɗaya ya ɗora wa 'yar motarsa, wata tsohuwa ruwan toka, wadda yake gogewa kowace safiya kafin ya karya.

Ba mahalukin da ya taɓa riƙe sitiyarin motar nan in ba shi ba. Ko gareji ya kai ta, shi zai hau da ita ramin, shi zai sauko da ita.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin yara. Tun da aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa nesa ta dawo gida da 'yarta mai shekara huɗu, wadda Malam ke kira Amarya don tsokana. Shekara biyu ke nan kullum shi yake kai Auta aiki, tana zaune a gefensa. Wata biyu da suka wuce ta gama makarantar koyon tuƙi ta karɓi lasisi, tun daga ranar kuma take bin sa da roƙon makulli, shi kuma yana yi kamar kunnensa ya yi nauyi.

Ran Asabar ɗin nan ne dabara ta ƙare masa. Yayar Auta ta haihu a can ƙasan gari, bayan dogon gangaren da ke sauka kasuwa, Inna, matar Malam, kuma ta shirya tun da safe za ta ga jika. Shi kuwa mai gyaran famfo ya ce masa yana nan tafe, ba halin ya bar gida.

"Baba, lasisin nan fa ba na ado ba ne," in ji Auta.

"Na ce miki na ado ne?"

Inna tana ɗaura ɗankwali a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka ba yarinyar nan makulli mu tafi, rana na yi. Motar nan dai ba da ita za a rufe ka ba."

Ya ciro makullin daga aljihu kamar ana cire masa haƙori. Kafin ya sake shi sai da ya yi huɗuba: kada ta wuce arba'in, kada ta bi bayan babbar mota kusa-kusa, ta sa giya biyu in ta zo gangare. Sannan ya zo kan babbar dokarsa.

"Waya a jaka, jaka a but. Mai tuƙi ba ya waya. Ko ni na kira, kada ki ɗauka."

"Na ji, Baba."

Amarya tana tsakar gida bisa bokitin da ta kifa, da murfin tukunya a hannu tana murzawa, wai ita ma direba ce. Da uwarta ta kira ta sai ta buga ƙafar dama a ƙasa, daf-daf, ta ce ta tsaya, sannan ta sauko. Malam ya yi dariya ya ɗauke ta ya sa a baya kusa da Inna. Ya tsaya a ƙofar gida yana kallo har motar ta sha kwana, yana jin haushin yadda Auta ta tayar da ita lafiya lau ba tare da ta ba shi abin gyarawa ba.

Bai kai ga komawa ciki ba sai ga maƙwabcinsa Mai Kemis ya faka wata jar mota yana washe baki. Jiya aka kawo masa ita, ya ce ba zai yarda da ita ba sai gwani ya ɗana ya faɗi ra'ayinsa. Irin wannan roƙo Malam ba ya iya ƙin sa. Ya ce to, zagaye ɗaya kawai, saboda mai famfo.

Ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya ja a hankali. A ƙarshen layi, inda ake shiga babban titi, ya taka birki. Motar ta ƙame wuri guda, ta sake, ta kuma ƙamewa. Saura kaɗan goshin Mai Kemis ya gaisa da gilashi.

"Subhanallahi! Malam, lafiya?"

"Birkinta ya cika kaifi," in ji Malam, yana ɓata rai. "Motocin zamani ke nan."

A mahaɗa ta biyu aka maimaita. Wannan karon Mai Kemis ya sunkuya yana kallon ƙasa.

"Ai ba motar ba ce, Malam, ƙafarka ce. Sau biyu kake takawa. Ka danna ka ɗaga, ka kuma dannawa. Me ya sa?"

"Ni? Sau ɗaya nake takawa."

"Wallahi sau biyu. Sake ka gani."

Malam ya ja kaɗan, ya kalli ƙafarsa da kansa, ya taka. Ƙafar ta danna, ta ɗago, ta kuma dannawa, ba ta nemi izininsa ba. Ya zuba mata ido kamar ƙafar wani ce aka ara masa.

Nan take abin ya faɗo masa gaba ɗaya. A motarsa, takun farko ba ya kama komai, tafiya yake yi ƙasa kamar an taka soso. Sai a na biyu birkin ke tasowa ya kama. Yaushe hakan ya fara? Ya lalubo a ransa, ya kasa samo ranar. Da kaɗan-kaɗan abin ya zo, ƙafarsa kuma ta koyi zama da shi ta daina gaya masa. Ya tuna yadda in ya daɗe a tsaye a danja yakan ji birkin yana zamewa ƙasa a hankali, sai ya ɗago ya sake dannawa ba tare da ya katse hirarsa ba. Ya tuna 'yar robar man birki da ke ƙarƙashin kujerarsa, wadda duk Juma'a yake ɗan tsiyayawa a mazubi yana cewa tsohuwar mota ce, dole ta ɗan sha. Ya sha durƙusawa ya leƙa ƙarƙashinta, bai taɓa ganin ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, sai ya kakkaɓe gwiwa ya ce lafiyarta ƙalau.

Duk huɗubar da ya yi wa Auta da safe, wannan ne kaɗai bai faɗa mata ba, don shi ma bai san ya sani ba. Ita kuwa a motar makaranta ta koya, mai lafiyayyen birki. Za ta taka sau ɗaya, ta ji ƙafarta ta tafi har ƙasa. Kuma gangare za su sauka, wanda ƙarshensa shataletalen kasuwa ne, ran Asabar, da mutane kamar an zuba su.

 Ya laluba aljihu da sauri, wayar ta suɓuce ta faɗa tsakanin kujeru, sai da Mai Kemis ya ciro masa. Ya kira Auta. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira. Yana ganin wayar a ransa, cikin jaka, jakar a but, daidai yadda ya umarta. Bai taɓa jin haushin biyayyar ɗa ba sai ranar.

"Kira Inna mana," in ji Mai Kemis, wanda bai gama fahimtar abin da ke faruwa ba amma ya ga fuskar Malam.

Zagayen ya dawo da su daidai ƙofar gida. Ya kira Inna. Daga tagar ɗakinta, wadda ke kallon layi, suka ji wayarta tana kuka a inda ta bar ta a caji.

"Motata ba birki," Malam ya ce, muryarsa ta zama wata iri. "Iyalina suna ciki, sun nufi gangare."

 Abin da Mai Kemis ya ce kawai shi ne, "Mu je."

Mutanen layin da suka ga jar mota ta fita a guje ba su yarda Malam Lallaɓa ne a ciki ba. Mutumin da yara ke tsere da motarsa a ƙafa su ci, yau shi ne ke danna ham yana kutsawa tsakanin motoci. Abin takaici kuma, duk inda ya zo rage gudu sai ƙafar nan ta yi halinta, daf-daf, motar ta yi tsalle. Yana tsine mata a zuci, tana ci gaba da abin da ta saba.

Lissafi yake yi, lissafin kuma ba ya ba shi abin da yake so. Sun riga shi da kusan minti ashirin. In Inna ta tsaya sayen sabulun jarirai a hanya, kamar yadda ta ce za ta yi, zai iya cim musu kafin gangare. Ya rage gudu a gaban shagon, ya leƙa. Ba motar ruwan toka. Ya tambayi mai shagon daga cikin mota, ya ce ai sun saya sun wuce tun ɗazu, yarinyar ma ya ba ta alewa.

Maganar alewar nan ita ta ƙarasa shi. Ya ga Amarya a ransa, tana kujerar baya, ba bel, tana tsaye tsakanin kujeru kamar yadda ta saba duk faɗan da ake mata. Gumi ya karyo masa har yana shiga ido. Tsoro yake ji irin wanda bai taɓa ji ba, ko ranar da tayar gaba ta fashe masa da ma'aikata goma sha takwas a mota, don a ranar sitiyarin yana hannunsa.

"Malam, ka yi addu'a, in sha Allahu ba komai," in ji Mai Kemis, hannunsa biyu riƙe da abin riƙo na saman ƙofa.

Addu'ar yake yi, amma duk wadda ya ɗauko sai ta tsinke a tsakiya.

Suka iso kan gangaren. Daga nan sama ana hango titin ya miƙe ya sauka, ga shaguna dama da hagu, can ƙasa ga rumfunan kasuwa. Motoci sun yi layi ba sa tafiya sosai. Cunkoso a gangare ran Asabar ba baƙon abu ba ne, amma yau Malam ya ga layin nan ya ce shi ke nan, wani abu ne ya faru a gaba. Ya sauke gilashi ya tambayi wani mai babur da ke hawowa ko hatsari aka yi. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Suna tsakiyar gangaren Mai Kemis ya nuna da hannu. "Ga ta can."

Motar Malam ce a gefen titi, ta sauka daga kwalta, hancinta ya nutse cikin tulin yashin da wasu magina suka zube. Ƙofar direba a buɗe. Ba kowa a ciki.

Malam bai san yadda ya fita ba. Ya bar jar motar a kunne a tsakiyar hanya, na baya suna ta ham. Ya isa ya leƙa. Gilashi bai fashe ba, ba jini. A kujerar baya ga takalmin Amarya ƙafa ɗaya, ga ledar sabulu ta zube a ƙasa. Ya ɗauki takalmin ya riƙe, ya dafa rufin motar.

"Kaka! Kaka, mun shiga yashi!"

Ya waiwaya. A ƙarƙashin rumfar wani mai faci, bisa benci, ga Inna zaune da kofin ruwa a hannu, ga Amarya tana tsalle da takalmi ƙafa ɗaya. Auta na tsaye a bayansu, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

Ya taka ya je. Ya shafa kan yarinyar, ya duba hannayenta da ƙafafunta, ya kalli Inna, ya kalli Auta. 

"Baba, ka yi haƙuri," Auta ta riga shi magana, idonta ya ciko. "Na ɓata maka mota. Ran farko."

Wannan ban haƙuri ya fi masa zafi da a ce zagin sa ta yi. Ya zauna a bakin bencin ya ce ta faɗa masa yadda aka yi.

Ta ce lafiya lau suka taho har suka shiga gangare, tana giya biyu kamar yadda ya ce. Sai layi ya tsaya, ta tsaya a bayan wata motar itace, ta riƙe birki. Tana riƙe da shi ta ji yana zamewa daga ƙarƙashin ƙafarta a hankali, motar ta fara silalewa. Ta ɗago ta taka, ya kama. Ya kuma zamewa. A karo na uku ta taka ya tafi har ƙasa, ta ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe, itatuwan motar gaba kuma suna matsowa daidai gilashi. Ta yi ta bugawa da ƙafa, ya ɗan kama kaɗan, ta ja birkin hannu, ta ga yashi a dama ta karya kan motar ciki.

"Ni dai salati kawai nake," in ji Inna. "Yarinyar nan ko ƙara ba ta yi ba."

Malam ya tambayi abin da ke cin sa tun daga gida. "To kafin gangaren fa? Danja uku ce a hanya. Da kika taka bai tafi ƙasa ba?"

"A'a. In na taka na biyu yana kamawa."

"Wa ya ce miki ki taka na biyu?"

Ta dube shi da mamaki. "Ba haka ake yi ba? Ai haka kake yi. Shekara biyu ina kallon ƙafarka, Baba, a nan na fara koya. Malamin tuƙinmu ya sha yi min faɗa a kai, wai ina wahalar da mota. Na ce masa babana shekara talatin da bakwai yana tuƙi bai taɓa buge ko kaza ba, kuma haka yake takawa. Daga ranar ya ƙyale ni."

Mai Kemis, wanda ya gyara fakin ya iso, ya ji wannan ya kawar da kai yana kallon tayoyin mai faci.  Malam ya ciro waya ya kira Dogo.

Dogo bakanike ne, shi ke duba motar Malam tun tana da sauran ƙuruciya, in dai za a kira abin da Malam ke bari ya yi dubawa. Ya iso a babur da akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Da taimakon magina aka turo motar baya zuwa fili a gaban rumfar mai faci, aka sa duwatsu a tayoyi. Bamba ce kawai ta ɗan lotsa.

Ya shiga ya zauna, karo na farko a rayuwarsa a wannan kujera. Ya taka birki sau uku har ya yi tauri, sannan ya riƙe. Kowa na kallon gwiwarsa tana sauka a hankali, a hankali, har ta miƙe.

"Tun yaushe yake haka, Malam?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba, ko ba ka faɗa ba?"

"Ban sani ba, Dogo. Wallahi yau na sani."

Dogo ya dube shi, ya ga ba wasa a fuskarsa, ya bar maganar. Ya ari jak ɗin mai faci ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana shafa bayan kowace da yatsa yana dubawa. A bushe. Ya kwanta ya bi bututun birki tun daga baya har gaba. A bushe. Ya buɗe bonet ya leƙa mazubin mai, ya ga saura ɗan kaɗan a gindi.

"Kana ƙara mata mai?"

"Duk Juma'a. Kaɗan."

"To ina yake tafiya?"

"Ba ta ɗiga. Na sha dubawa."

"Ban ce tana ɗiga ba, cewa na yi ina yake tafiya. Man birki ba shayi ba ne, mota ba ta shan sa. In ya ragu, wani wuri ya je."

Ya ɗauki sifana ya kwance noti biyu da ke riƙe da masta, wato ƙarfen da ke tura mai zuwa tayoyi in an taka birki. Ya ja shi gaba kaɗan daga jikin baƙar tukunyar iskar da yake manne da ita. Bayansa jiƙe yake sharkaf, fentin wurin duk ya saɓule. Dogo ya nemi gorar ruwa da ba komai a ciki, ya zura siririn tiyo cikin tukunyar, ya zuƙa ya tofar, ya sa bakin tiyon a gora. Wani baƙin mai ya fara gangarowa. Ya yi ta zuba. Bai tsaya ba har gorar ta wuce rabi.

Dogo ya ɗaga ta ya miƙa wa Malam. "Ga Juma'o'inka."

Ya yi bayani yana goge hannu. Robobin cikin masta sun cinye. Ta baya tana sakin mai cikin tukunya, shi ya sa ba a gani a ƙasa. Na ciki kuma ba sa riƙewa, in an danna sai man ya zagaye su ya koma inda ya fito, shi ya sa birki ke zamewa. Bugu biyu yana tara ɗan ƙarfi na ɗan lokaci, amma a gangare, da mota cike da mutane, ga tsayuwa mai tsawo, ba abin da zai tara.

"Da ta wuce yashin nan fa?" Inna ta tambaya.

Dogo ya kalli ƙasan gangaren, inda mata ke tsallaka titi da kaya a ka, ya kalli Amarya. "Inna, mu gode wa Allah kawai."

Malam na riƙe da gorar.  Tsoron da ya ɗauka ya ƙare a bakin benci sai ya dawo masa sabo, don yanzu ya san ba yau kaɗai ba ne. Kowace safiya ta shekara biyun nan da wannan birki ya ɗauki 'yarsa, yana zaune yana ba ta labarin ƙwarewarsa.

Dogo ya hau babur ya je ya dawo da sabon masta da tukunya, don ya ce man ya riga ya lalata robar cikin tsohuwar. Azahar ta yi, aka yi salla a gefen rumfa, ya ci gaba da ɗauri. Da ya gama ya cika mazubi da sabon mai ya ce saura fitar da iska, kuma aikin mutum biyu ne: ɗaya a kujera yana takawa, ɗaya a ƙasa yana buɗe ƙaramin notin da ke bayan kowace taya.

Malam ya nufi ƙofar direba bisa sabo. Ya kama murfin, ya tsaya. Sannan ya juyo.

"Auta, zo ki zauna. Dogo, ba ni sifanar."

"Malam, da fararen kayanka?"

"Ba ni."

Ya kwanta a ƙasa bisa kwalin mai faci, ya shige ƙarƙashin tayar baya. Dogo ya tsaya a gaba yana ƙara mai.

"Taka!" Malam ya ɗaga murya. "Taka. Taka. Riƙe!"

"Na riƙe, Baba."

Ya buɗe notin. Mai ya feso da kumfa yana tsartuwa, ya ɓata masa hannun riga. Ya ɗaure.

"Ya tafi ƙasa!" Muryar Auta ta tsinke, ya ji tsoron ɗazu a cikinta.

"Ni na buɗe, Auta. Wannan karon ni ne. Saki. Taka kuma."

Haka suka bi tayoyi huɗu, yana kira tana amsawa, har man ya riƙa fitowa tas ba kumfa. Da ya fito daga ƙarƙashin ta ƙarshe, Dogo ya ce wa Auta ta taka sau ɗaya ta riƙe. Ta taka. Dogo ya duba agogonsa har minti guda ya cika. Gwiwarta ba ta motsa ba.

Mai Kemis ya ce Inna da yarinya su zo ya kai su a tasa. Inna ta ce a'a, a motar da ta fito a ita za ta isa. Auta ta zare makulli ta miƙa wa babanta. Ya dubi makullin, ya dubi sauran rabin gangaren da ke jiran su, ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna a inda ta saba zama. Da kansa ya juya ya ɗaura wa Amarya bel.

Suka hau kwalta. Bai taɓa sanin gangaren nan yana da tsayi haka ba sai da ya gan shi ba sitiyari a gabansa. Idonsa na kan ƙafar Auta. Wata motar haya ta tsaya a gabansu ba sigina. Ƙafar Auta ta danna, ta ɗago, ta kuma dannawa. Motar ta ƙame, ta sake, ta ƙame, ledar sabulu ta sake zubewa.

A baya Amarya ta ƙyalƙyale da dariya, ta buga ƙafarta a jikin kujera, daf-daf. "Mun tsaya!"

Malam ya runtse ido. Da ya buɗe, ya ga tasa ƙafar ma a miƙe take a inda ba birki, ta gama nata bugun.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Sau ɗaya ake takawa. Abin da kika gani a ƙafata ba gwaninta ba ce, lalacewa ce na saba da ita." Ya juyo ya dube ta. "In kin haɗu da malamin tuƙinki, ki ce masa shi ke da gaskiya."

Auta ba ta dube shi ba, idonta na kan titi kamar yadda ya koya mata. Motar hayar ta ja, ita ma ta ja. Shataletale ya matso, mutane na tsallakawa ta ko'ina, wata tsohuwa da tire a ka ta shigo titi ba ta ko waiwaya ba. Malam ya dafe gwiwarsa ta dama da hannu biyu.

Ta taka sau ɗaya. Motar ta tsaya.